Allurar Rigakafin Babbar Mura: Abin da Bincike Ya Gano, da Inda Ya Shafe Mu

A bakin Bahaushe, duk abin da ya zo da majina da tari da atishawa sunansa mura. A wajen likitoci kuwa, abin da muke haɗawa mu kira mura cututtuka ne iri-iri. Wata kwana uku ta wuce ko ba a sha komai ba, wata kuma sai ta kwantar da ƙato, ta kai tsoho ko jariri gadon asibiti, wani lokacin har kushewa. Babbar cikinsu ita ce infuluwenza, wadda a nan za mu riƙa kira babbar mura, kuma ita ce ake yi wa allurar rigakafi duk shekara a ƙasashe da yawa.

Mu da ke zaune a Sabo da zango da kara na kudancin ƙasar nan, maganar ta shafe mu kai tsaye. Muna kwana da yawa a ɗaki ɗaya, muna cuɗanya a kasuwa da masallaci, muna doguwar tafiya a mota tsakanin kudu da arewa, kuma da yawanmu da dabbobi da kaji muke wuni.

Yadda ake bambanta ta da ƙaramar mura

Ƙaramar mura ƙwayoyin cuta fiye da iri 200 ne ke kawo ta. A hankali take shigowa: ƙaiƙayin maƙogwaro, hanci ya toshe, majina, ɗan tari. Mutum zai iya fita kasuwa da ita ya dawo.

Babbar mura farat ɗaya take kamu. Da safe kana lafiya, kafin la'asar zazzaɓi ya rufe ka, ga ciwon kai, ga ciwon gaɓoɓi kamar an yi maka duka, ga busasshen tari da kasala. Daga shigarta jiki zuwa bayyanar alamu kwana 1 zuwa 4 ne. Mai ɗauke da ita yana iya shafa wa wani tun kwana ɗaya kafin shi kansa ya ji alama, har zuwa kwana 5 ko 7 bayan ya kwanta. Ta tari da atishawa da magana kusa da kusa take yaɗuwa, da kuma hannun da ya taɓa majina ya taɓa hanci ko ido.

Kun ga alamun nan sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa mutum zai sha maganin maleriya kashi biyu, ya ƙara da na taifot, alhali abin da ke damunsa daban ne. Gwajin jini na maleriya shi ne matakin farko na raba gardama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 1 ke kamuwa da babbar mura duk shekara. Miliyan 3 zuwa 5 daga ciki tana yi musu tsanani, kuma tsakanin 290,000 zuwa 650,000 suna rasuwa ta dalilin matsalar numfashi da take jawowa.

Ire-irenta guda huɗu

Ƙwayar cutar bairos ce, kuma gida huɗu ce: A, B, C da D. A da B su ne masu kwantar da mutane duk shekara. A ce mafi haɗari, don tana zaune a jikin tsuntsaye da aladu da mutane, kuma duk annobar mura da ta taɓa game duniya daga gidanta ta fito. C ba ta cika tsanani ba. D kuwa ta shanu ce: a 2011 aka gano ta a Amurka, daga baya bincike ya ga alamarta a jinin shanu a ƙasashen Benin da Togo da Maroko, da raƙuma a Kenya. Ba a san ta da kwantar da mutane ba.

A jikin ƙwayar A akwai wasu ƙayoyi iri biyu da masana ke kira H da N. Da H take maƙalewa a hanyar numfashi ta shiga, da N kuma 'ya'yanta ke ɓallewa su bazu. Daga nan sunaye irin su H1N1 da H3N2 da H5N1 suka samo asali. Garkuwar jikin mutum ƙayoyin nan take ganewa, musamman H, kuma su allurar ke nuna wa jiki tun kafin cutar ta iso.

Daga marisuwa zuwa allurar farko

Annobar mura mafi muni da tarihi ya rubuta ita ce ta 1918 zuwa 1919. An ƙiyasta ta kama kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya, ta kashe wajen miliyan 50. Ta jirgin ruwa ta shigo Legas a watan Satumba na 1918, ta bi layin dogo da koguna da hanyoyin fatake ta shiga cikin ƙasa har arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta ta ci rai wajen 500,000 a Najeriya, lokacin da duka jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. Ita ce kakanninmu suka sa wa suna marisuwa. A lura da hanyar da ta bi: daga bakin teku zuwa arewa, hanyar da tirelolinmu ke bi yau kullum.

A lokacin likitoci sun ɗauka bakteriya ce ke kawo ta. Sai a 1933 wasu masu bincike uku a Landan, Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw, suka ware ainihin ƙwayar daga maƙogwaron marasa lafiya. A 1940 aka gano nau'in B. Sojojin Amurka, da ba su manta ɓarnar da marisuwa ta yi a barikokinsu ba, su suka ɗauki nauyin binciken Thomas Francis da Jonas Salk, kuma a 1945 aka amince da allurar farko a can.

Ba a jima ba aka ci karo da matsala. A 1947 allurar ta kasa kare mutane, da aka bincika sai aka ga ƙwayar ce ta sauya kama. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa tsarin ɗakunan gwaje-gwaje a ƙasashe daban-daban masu sa ido kan sauyin ƙwayar. Bayan marisuwa an sake yin annoba uku: 1957, 1968 da 2009.

Me ya sa sai an maimaita duk shekara?

Duk wanda ya tashi a gidan shanu ya ji labarin bushiya daga bakin manya, cutar da ta share garkuna a ƙasar nan har a farkon shekarun 1980. Ƙwayar bushiya kamanninta ɗaya ne a wajen garkuwar jiki, shi ya sa allura guda take kare saniya har iya rayuwarta. Da haka aka bi ta garke-garke har aka sanar da kawar da ita daga duniya a 2011.

Babbar mura ba haka take ba. Duk lokacin da take hayayyafa a jikin mutum tana yin 'yan kurakurai wajen kwafar kanta, kurakuran nan su taru su canza siffar ƙayar H. Garkuwar da ta san ta bara sai ta gan ta bana kamar baƙuwa. Ga shi kuma ƙarfin kariyar allurar kansa yana raguwa bayan wasu watanni. Dalilai biyun kenan.

Akwai kuma babban sauyi, wanda ba kullum yake faruwa ba. Ƙwayar A gutsure 8 ce a cikinta. Idan iri biyu, misali ta tsuntsu da ta mutum, suka haɗu a jikin dabba ɗaya, suna iya musayar gutsattsarin nan su haifi sabuwa fil wadda jikin kowa bai sani ba. Haka aka samu annobar 1957 da 1968 da 2009.

Yadda ake haɗa allurar

Sau biyu a shekara masana ke zama ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya: a Fabrairu don ƙasashen arewacin duniya, a Satumba don na kudanci. Su duba samfuran da aka tattaro daga ƙasashe fiye da 100, su zaɓi nau'o'in da suke ganin za su yi yawo a kakar da ke tafe. Kamar ɗan kasuwa ne da ke sayen raguna watanni kafin Layya: da lissafi da gogewa yake yi, yakan dace, wata shekarar kuma kasuwa ta juya masa.

Har yau mafi yawan allurar a cikin ƙwan kaza ake rainon ƙwayarta, sannan a kashe ta, a tace, a ɗura a kwalabe. Aikin na cin wajen wata 6. Akwai kuma wadda ba ta bi ta ƙwai, da wadda ake fesawa a hanci, da mai ƙarfi ninki huɗu da ake yi wa tsofaffi. Allurar yanzu iri uku take ɗauke da su: H1N1, H3N2 da reshe ɗaya na B. Da huɗu ne, amma ɗaya reshen na B mai suna Yamagata ba a sake tabbatar da ganinsa ba tun Maris 2020, lokacin kullen korona, don haka a 2023 aka ba da shawarar cire shi.

To, tana aiki kuwa?

Tana aiki, amma da iyaka. A shekarar da zaɓin masana ya dace da ƙwayar da ke yawo, binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya nuna tana rage yiwuwar kwanciya da babbar mura da kashi 40 zuwa 60 cikin 100. A shekarar da ba a dace ba, abin yakan yi ƙasa da haka. Wanda ya yi allurar kuma ya kamu, sau da yawa ciwon yakan zo masa da sauƙi. Sai bayan mako 2 da yin ta kariyar ke kankama.

Inda amfaninta ya fi fitowa fili shi ne wajen masu rauni. Jariri ƙasa da wata 6 ba a yi masa ita, to amma idan aka yi wa uwa tana da ciki, kariyar na ratsawa zuwa ga ɗan. Gwajin da aka yi a Bangaladash, wanda aka wallafa a 2008, ya nuna raguwar kashi 63 cikin 100 na babbar mura a jariran. An maimaita irinsa a Soweto ta Afirka ta Kudu, da kuma Bamako ta Mali, inda mata masu ciki fiye da 4,000 suka shiga. A Bamako, kamuwar jarirai ta ragu da wajen kashi biyu cikin uku a watanni 4 na farkon rayuwarsu.

Sai masu ciwon zuciya. Wani bincike na Kanada a 2018 ya gano cewa haɗarin bugun zuciya na ninkawa wajen sau 6 a makon farko na kamuwa da babbar mura. A 2022 kuma aka fitar da sakamakon gwaji kan mutum fiye da 5,000 masu raunin zuciya a ƙasashe 10 na Afirka da Asiya da Gabas ta Tsakiya, har da Najeriya. Idan aka haɗa shekara gaba ɗaya, allurar ba ta nuna wani babban bambanci a mace-macen zuciya ba. Amma ta rage nimoniya da wajen kashi 40 cikin 100, ta rage kwanciya asibiti, kuma a watannin da murar ke tashe an ga raguwar mace-mace.

Ba a ko'ina aka yi nasara ba. Gwajin ta fesawa a hanci da aka yi wa yara a Senegal a 2013 bai nuna kariya ba, kuma masu binciken sun wallafa hakan yadda yake.

Halin da ake ciki a Najeriya

A Turai da Amurka babbar mura da lokacin sanyi take zuwa. A ƙasashe masu zafi irin namu tana yawo kusan duk shekara, a wurare da yawa ta fi tashi da damina. Ƙurar hunturu kuma tana busar da hanci da maƙogwaro ta ƙara wa masu tari da asma wahala.

Tun 2008 Najeriya ke da tsarin sa ido kan cutar. Ana ɗaukar samfuri daga marasa lafiya a wasu zaɓaɓɓun asibitoci, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja, da na Nnewi a Anambra, a kai Abuja a gwada. Sakamakon ya tabbatar da cewa A da B duka suna nan tare da mu.

Sai dai allurar ba ta cikin jerin rigakafin da gwamnati ke yi wa yara kyauta. Mai so sai ya tambaya a manyan asibitoci ko asibitocin kuɗi, ya biya. A kula da wajen da za a yi ta, don dole a ajiye ta cikin sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma a duba ta wace shekara ce. Maniyyata kuma su sani hukumar lafiya ta Saudiyya tana ba da shawarar yin ta kafin Hajji da Umara, musamman ga tsofaffi da masu ciki da masu ciwo mai daɗewa. Tarin da alhazai ke dawowa da shi ai ba baƙo ba ne a wajenmu.

Murar tsuntsaye, da abin da ya sami shanun Amurka

A Fabrairu 2006 aka tabbatar da H5N1 a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. A Janairu 2007 wata matashiya ta rasu da ita a Legas. Ba ta cika kama mutum ba, amma idan ta kama tana da kisa, kuma yawanci daga taɓa kaza marar lafiya ko matacciya ne, ko yanka ta da figar ta.

A Maris 2024 sai ga sabon abu: an sami H5N1 a jikin shanun tatsa a jihohin Texas da Kansas na Amurka, daga nan ta bazu zuwa wasu jihohin. A hantsa take taruwa, ta fito da yawa cikin ɗanyar madara. Ma'aikatan gona da dama sun kamu, akasari da jan ido da ɗan zazzaɓi. Gwaje-gwaje sun nuna dafa madara na kashe ƙwayar.

Allurar shekara-shekara ba a yi ta don H5N1 ba. Abin da ke kare 'yan kaji da mahauta da masu tatsa shi ne: kada a yanka ko a sayar da kazar da ke layi, kada a ɗauki matacciya da hannu tsirara, a tafasa madara, a wanke hannu da sabulu bayan aiki. Idan kaji suka fara zubewa da yawa lokaci guda a sanar da likitan dabbobi. Wanda zazzaɓi ya kama bayan haka ya faɗa wa likita irin sana'arsa.

Nimoniya, inda haɗarin yake

Sau da yawa babbar mura share hanya take yi. Ta raunana huhu, sai bakteriya su biyo baya su haifar da nimoniya, abin da wasu ke kira sanyin haƙarƙari. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta nimoniya ta kashe yara 162,000 'yan ƙasa da shekara 5 a Najeriya a 2018, adadin da ya fi na kowace ƙasa.

A nan akwai rigakafi na kyauta. Allurar Penta da aka shigo da ita a 2012, da PCV da aka fara a ƙarshen 2014, suna kare yaro daga manyan bakteriya biyu masu kawo nimoniya. Ana yin su a mako 6, 10 da 14 da haihuwa a kowane ƙaramin asibitin gwamnati, a kudu ko a arewa. Idan an koma gida da yaro ko an dawo da shi, a riƙe katinsa a ci gaba daga inda aka tsaya.

Uwa za ta iya ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana kwance shiru. Ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko fiye ya yi yawa. Wata 2 zuwa 11, 50. Shekara 1 zuwa 5, 40. Idan ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi, ko yana jijjiga, asibiti za a nufa a lokacin, ko da tsakar dare ne. Ga babba kuma: haki, ciwon ƙirji, ruɗewa, ko zazzaɓin da ya sauka ya sake dawowa da tari mai tsanani.

Tambayoyin da aka fi yi

Allurar na sa mura? Wadda ake yi a dantse ba ta da ƙwaya mai rai. Abin da akan ji shi ne tsamin hannu, ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya zuwa biyu. Akwai wani ciwon jijiyoyi mai raunana gaɓoɓi da aka danganta da ita, amma mutum 1 ko 2 ne cikin miliyan, kuma ita kanta babbar murar tana jawo shi. Wanda wata allura ta taɓa yi wa mummunan tasiri ya faɗa wa likita tukuna.

Na yi ta, ga shi ina majina? Ba ta hana ƙaramar mura, ba ta hana korona. Infuluwenza kaɗai aka yi ta dominta.

Kafson kemis fa? Antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos. Shan sa barkatai yana sa ya daina aiki ranar da ake buƙatarsa da gaske. Akwai maganin babbar mura mai suna oseltamivir, wanda ya fi amfani idan an fara shi cikin awa 48, kuma likita ne ke rubuta shi. Kada a ba yaro asfirin in yana mura da zazzaɓi, farasitamol ya wadatar.

Su wa suka fi buƙata? Mata masu ciki, yara daga wata 6 zuwa shekara 5, tsofaffi daga 65, masu asma, suga, sikila, ciwon zuciya ko ƙoda, masu raunin garkuwa, da ma'aikatan asibiti. Yaron da bai kai 9 ba, in karonsa na farko ne, sau biyu ake yi masa da tazarar mako 4.

Inda bincike ya dosa

Babban burin masana shi ne allura guda da za ta kare mutum shekaru da yawa, ta hanyar auna gindin ƙayar H, wanda ba ya saurin canzawa kamar kanta. Ana kuma gwada fasahar da aka yi allurar korona da ita, don rage watannin jiran ƙwai. A 2023 Amurka ta amince da alluran farko na wata ƙwayar numfashi mai suna RSV, wadda ke kashe yara wajen 100,000 a duniya duk shekara, kuma ɗaya daga cikinsu uwa ake yi wa tana da ciki.

Kafin waɗannan su iso Sabo, abin da ke hannunmu shi ne a kammala wa yara rigakafinsu na kyauta, mai ciki ta tambayi ma'aikatan awo, mai tsoho ko mai ciwon zuciya a gida ya nemi shawarar likita kan allurar. Mai tari ya rufe baki da hankici ko gwiwar hannu, ya ɗan nisanci jarirai da tsofaffi, a buɗe tagogi a ɗakin kwana, a rage hayaƙin itace da gawayi kusa da yara. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mu da iyalanmu a gida da kan hanya, amin.